Jirgin fiba daga Fatakwal: maganar wa zan kama kafin in biya kuɗi?

Baban_Sadiq_Kupto:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san ruwa. Ni da ƙanena mun haɗa kuɗi za mu sayi jirgi mai inji da zai riƙa tsallakar da mutane da kayan gona a dam ɗin Dadin Kowa, musamman ranakun kasuwa. Wani dillali a Fatakwal ya turo mini bidiyon jirgin fiba, wato irin wanda ake zubawa da zaren gilashi da danƙo, mai tsawon ƙafa 23, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, na hannu. Ya ce yana ɗaukar mutum 20 lafiya lau. Na kuma ga wani mai bidiyo a TikTok ya hau irinsa yana ta zuba yabo, wai babu kamarsa a ruwan Najeriya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk bidiyon da na kalla ban ji wanda ya faɗi aibi ko ɗaya ba. Ta yaya ake gane jirgi mai kyau, kuma maganar wa mutum zai kama? Shanu muka sayar muka haɗa kuɗin nan, ba mu da wasu.

Danladi_Bajoga:
Wa alaikumus salam. Hamma, kada ka tura ko kwabo sai ka taka jirgin da ƙafarka. Wannan cinikin biri a sama ne.

Injiniya_Tudun_Wada:
Baban Sadiq, fara da bidiyon da kansa. Koma ka sake kallo, ka ƙirga mutum nawa ne a ciki. Zan yi mamaki in sun wuce uku. Sannan ka dubi ruwan: galibi da sassafe ake ɗauka a cikin rafi, ruwa kwance lif, babu iska. A haka kowane jirgi gwani ne.

Ga lissafi mai sauƙi. Masu zana jirage suna ɗaukar nauyin mutum ɗaya a kan kilo 75. Mutum 20 kilo 1,500 ke nan. Injin doki 40 shi kaɗai ya kai kusan kilo 70, ga tankin mai, ga matuƙi da yaronsa. Ba a zo maganar buhunan masara da shinkafa ba, kuma kai ka san ba wanda zai je kasuwa hannu rabbana. Buhu biyar kawai sun ƙara rabin tan. Abin tambaya ba wai ko jirgin zai ɗauka ba ne, zai ɗauka. Abin tambaya shi ne, bayan an loda, tazara nawa ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa? Ka ce wa dillalin ya loda masa buhunan yashi daidai nauyin da yake faɗa, ya sa tef ya auna a gefe da kuma ta baya wurin inji, ya ɗauka a bidiyo ba yankewa. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Baba_Masunci_Hinna:
Yaro, tun ana gina dam ɗin nan nake kamun kifi a Gongola. An gama shi a 1984, ruwa ya hau kan gonaki da itatuwa. Har yau akwai kututture a ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya da rani kana ganin kawunansu. Mutumin Fatakwal bai san wannan ba, ba kuma laifinsa ba ne, ruwansu daban namu daban. Jirgin katako in ya bugi kututture, kafinta zai cire allon da ya tsage ya sa wani, a toshe da tsumma da kwalta, gobe ka koma aiki. Na fiba in ya fashe wa zai gyara maka a Kupto? Ni shawarata ka sa a ƙera maka na katako mai kauri, ka ɗora masa doki 25, ragowar kuɗin ka ajiye.

Sulaiman_Fiba:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Na yi aiki a wurin masu zuba fiba a Legas. Gyaran fiba ba wani abin tsoro ba ne: a goge wurin, a shimfiɗa tabarmar fiba, a shafa ruwan danƙon da aka gauraya da maganin daskarewa, cikin yini ya kama. Masu gyaran bambar mota a Gombe ma suna amfani da kayan. Kuma jirgin katako kullum yana shan ruwa yana ƙara nauyi, ga katako mai kyau irin maɗaci ya yi wuya ya yi tsada. Matsalar fiba ba gyara ba ce. Matsalar ita ce ba ka iya ganin cikinsa, fenti ya rufe komai.

Irin jirgin da ake nuna wa Baban Sadiq, mai dogon hanci da siririn jiki, asalin fasalinsa na Yamaha ne, kuma fasali ne mai kyau, shi ya sa ya bazu daga Asiya har Afirka da Kudancin Amurka. Amma da yawa daga waɗanda ke kasuwa yanzu kwafi ne. Mutum zai samu tsohon jirgi ya ɗauki zubinsa, ya riƙa fitar da sababbi. Sura iri ɗaya, amma inda ya kamata a yi shimfiɗa biyar sai ya yi uku, inda ya kamata a sa saƙaƙƙiyar fiba mai ƙarfi sai ya sa ta gutsuttsura kawai. A hoto ba za ka taɓa bambance su ba.

In ka je, ga abin da za ka yi. Ka ɗauki ƙotar sukuddireba ka bi jikin jirgin kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, inda shimfiɗa ta rabu ko ruwa ya shiga sai ka ji sautin ya mutu. Ka taka ƙasan cikinsa ko'ina, in yana lotsawa ƙarƙashin ƙafarka akwai magana. Ka sa a kifa shi ko a ɗaga, ka shiga ƙarƙashi da rana tsaka: inda haske ke ratsowa fiye da sauran wurare, ka lura da shi. Amma wurin da ya fi kashe jirgin fiba shi ne allon baya, inda ake ɗaura inji. Yawanci falankin katako ne a ciki aka lulluɓe da fiba. Ruwa na shiga ta ramukan ƙusoshi, katakon ya ruɓe a ɓoye, waje kuwa fes. Ka ɗaga ƙafar injin, wato ɓangarensa da ke shiga ruwa, sama, ka danna ta da nauyinka kana kallon allon. In ya motsa ko ka ga tsaga tana buɗewa a kusurwa, ko wani ruwa mai launin shayi yana tsattsafowa daga gindin noti, ka juya ka kama hanyar gida.

Baba_Masunci_Hinna:
To ka ji. Duk wannan bincike kafin ka san lafiyarsa. Na katako wuƙa kawai zan soka in san ruɓaɓɓe ne ko mai rai. Amma na yarda ka san aikinka, ɗana.

Adda_Mai_Banda:
Ku maza duk maganarku inji da katako. Ni fasinja ce, kifi nake sarowa a bakin dam in yi banda. Bari in faɗa muku abin da masu bidiyo ba sa nunawa. Akwai jirgin da in ya ɗauki gudu ruwa ke fallatsowa ya jiƙa na zaune a baya sharkaf, a lokacin hunturu kuwa da goyo a bayanka ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wanda bakinsa ya yi tsayi, tsohuwa da zani ba ta iya shiga sai an ɗaga ta. Akwai wanda bencinsa ba a kafe yake ba, da jirgi ya karkata sai kowa ya zame gefe guda. Ƙasan fiba kuma in ya jiƙe santsi gare shi, na ga yarinya ta zame ta fasa leɓe a bakin benci. Baban Sadiq, in mutane za ka ɗauka, ka tambayi masu hawa, ba masu tuƙi kaɗai ba. Kuma don Allah ka sa kuɗin rigunan kariya daga nutsewa a cikin lissafinka tun yanzu, har da na yara.

Injiniya_Tudun_Wada:
Adda ta taɓo babban abu. Zamewar mutane gefe guda ita ce ke kifar da jirgi fiye da igiyar ruwa kanta. Haka ma ruwan da ya taru a ciki. Jirgin da cikinsa ya kai mita 5 a tsawo, mita 1.2 a faɗi, in ruwa ya kwanta santimita 5 kacal, wato bai ma rufe idon sawu ba, lita 300 ne. Nauyin buhu uku ke nan, kuma buhunan da ba sa zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can suke bi. Shi ya sa yaron da ke kwarfe ruwa ba ɗan rakiya ba ne.

Hamza_Media_Gombe:
Na ga ana ta sukar masu bidiyo, bari in yi magana tunda sana'ata ce, ko da yake ni na motoci da babura nake yi. Ku sani, mai kaya ne ke kiranka, shi ke biyan kuɗin mota da masauki da mai. In ka fito ka ce allon baya yana motsi, ba shi kaɗai ba, duk abokan sana'arsa ba mai sake kiranka. Masu kallo kuma ba sa biyan ko sisi. To wa zai ɗauki nauyin faɗin gaskiyar? Ba na cewa daidai ne, amma haka abin yake.

Malam_Bolari:
Malam Hamza, na ji uzurinka, amma bai isa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ya kuma ce mai saye da mai sayarwa in sun yi gaskiya sun bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya a shafe albarkar. Talla halal ce. Abin da ba shi da kyau shi ne a biya ka ka yi talla, sannan ka fito da rigar mai ba da shawara. Ka ce wa mutane an biya ni, shi ke nan, kowa ya san ma'aunin da zai ɗora maganarka. Balle wannan ba waya ba ce ko takalmi, abu ne da za a zuba rayukan mutane a ciki.

Hamza_Media_Gombe:
Wannan na karɓa, Malam. Faɗin an biya ni ba zai hana kowa cin abinci ba. Amma gwajin da Injiniya ke nema, na loda yashi da aune-aune, ba mai kayan da zai ba ka jirginsa ka yi masa haka a gaban kamara.

Ummu_Khalil_Ingila:
Ko a nan Turai matsalar ɗaya ce. Mujallun jiragen ruwa da tallan kamfanoni suke rayuwa, don haka da wuya ka ga sun kushe sabon jirgi kai tsaye. Abin da mutane ke yi in za su sayi na hannu shi ne su ɗauko mai duba jirgi mai zaman kansa, mai saye ne ke biyansa, ba ruwansa da ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A Amurka kuma doka ta tilasta wa masu ƙera ƙananan jiragen inji da ba su kai ƙafa 20 ba su liƙa ƙaramin allo mai nuna yawan mutane, iyakar nauyi da iyakar ƙarfin inji, su kuma sa abin da zai hana jirgin nutsewa ko ya cika da ruwa. Akwai wani kamfani, Boston Whaler, da ya yi suna tun 1961 saboda hoton mai kamfanin zaune a jirgi ana yanka shi gida biyu da zarto, bai nutse ba. Ita ma talla ce, amma talla ce da ta nuna abin da za a iya gwadawa.

Sulaiman_Fiba:
Hajiya ta tuna mini. Fiba ita kanta ta fi ruwa nauyi, in jirgi ya cika kuma babu abin da zai riƙe shi, ƙasa zai yi da injinsa. Na katako yakan tsaya a saman ruwa mutane su kama, wannan kam Baba ya fi ni gaskiya a kai. Don haka ka tambaya me ke ƙarƙashin benci da cikin hanci. Wasu akwatin iska ne kawai, in ya tsage ya tashi aiki. Wasu suna cusa farin soso irin na kwalin firji, wanda fetur ke narkarwa. In ba ka gamsu ba, ka sa a kai jirgin inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a cire inji, a ɗora nauyinsa da duwatsu a baya, a cika jirgin da ruwa ka ga yadda zai yi. In kuma ka riga ka saya, jarkoki marasa komai masu murfi mai kyau, a ɗaure su tam a ƙarƙashin benci, kowace mai lita 25 tana riƙe sama da kilo 20.

Bakanike_Dadin_Kowa:
Kun bar inji a baya, alhali shi ne rabin kuɗin. Injin na hannu da ya fito daga kudu ya sha ruwan gishiri, sai an duba shi da kyau. Ka cire murfi ka ga ko notuna sun yi farin gari ko an fesa sabon fenti a kan tsatsa. A tayar da shi yana sanyi a gabanka, ba wanda aka riga aka ɗumama ba. Ka kalli ɗan ruwan da yake tsartarwa ta baya, in ba shi da ƙarfi robar famfon ruwa ta gaji ko hanyar ta toshe. Ka kwance notin man giya na ƙasa: in man ya fito fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga. A nan wurinmu abin da ya fi jawo haka shi ne zaren kalli, wato ragar kamun kifi, da ke naɗewa a bayan farfela ya cinye roba. A auna matsin silinda biyun, kada su yi nisa da juna.

Sai tsawon ƙafar inji. Akwai gajere na allon baya mai inci 15, akwai dogo na inci 20. In aka haɗa gajere da dogon allo, farfela za ta riƙa shan iska, inji na ihu jirgi ba ya tafiya, ga zafi. Kuma jirgin kaya farfelarsa daban da ta gudu. Wannan doki 40 ana so ya juya tsakanin sau 4,500 da 5,500 a minti in an buɗe masa wuta duka. In ka loda kaya ya kasa kaiwa, kana kashe shi a hankali ne.

Danladi_Bajoga:
Maigida, mai fa? Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ai lissafin ya canza.

Bakanike_Dadin_Kowa:
Sosai. Irin wannan inji mai haɗin fetur da baƙin mai, in ka buɗe masa wuta duka yana shan kusan lita 20 a awa. In ka sassauta hannu yana raguwa sosai. Haɗin da muka saba shi ne rabin lita na baƙin mai a tankin fetur lita 25, kuma man injin ruwa na ainihi, ba na babur ba. Akwai injuna na zamani da ba a haɗa musu mai, sun fi tsimi, amma sun fi nauyi da tsada, kayan gyaransu kuma sai an aika Legas.

Auwal_Shani:
Ni ƙaramin inji ɗan China nake amfani da shi, doki 15, kuma yana yi mini aiki. Ba kowa ke da kuɗin Yamaha ba. A daina raina su.

Bakanike_Dadin_Kowa:
Ba raini ba ne, Auwal. Kai kaɗai ne da kallinka kusa da gaɓa, in ya mutu ka ɗauki filafili. Baban Sadiq kuwa mutum 20 aka ce zai ɗauka zuwa tsakiyar ruwa. Ka dawo ka ba mu labarinsa bayan damina biyu, wannan shi ne bayanin da za mu amfana da shi, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Kawu_Nafada:
Ina so in mayar da mu kan ruwan da kansa. Dadin Kowa ba rafi ba ne, faɗinsa ya taɓa Gombe da Borno da Yobe. Da farkon damina hadari kan taso daga gabas, iska ta riga ruwan sama zuwa, kafin ka kai gaɓa tafkin ya birkice. Taguwarsa gajeru ne masu bin juna kusa da kusa. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana da daɗin lodi, yana shiga ruwa marar zurfi, amma a irin wannan yanayi dukan ruwa yake yi har haƙoranka su haɗu. Mai ƙasa kamar tsinin gatari yana yanka ruwa, amma yana rawa in an tsaya ana shiga da fita, yana kuma son inji babba. Na Baban Sadiq tsaka-tsaki ne, kaifi a gaba, shimfiɗe a baya, kuma hancinsa mai tsayi alheri ne. Rauninsa baya ne: in aka tara kaya kusa da inji aka sassauta wuta farat ɗaya, ruwan da ke biye da shi sai ya hau ta kan allon baya. Ba mu manta da jirgin da ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, aka rasa rayuka da yawa, akasari ɗaliban Islamiyya, kuma lodi fiye da kima aka ɗora wa laifi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, amma a bakin ruwa mai jirgi ne hukumar kansa.

Baba_Masunci_Hinna:
Allah ya jiƙansu. A ƙara da dorina. Duk ingancin jirginka, in ka ga uwa da ɗa ka ba su hanya tun daga nesa. Matuƙin da za ka ɗauka ya zama ɗan ruwan nan ne, wanda ya san inda suke kwana.

Baban_Sadiq_Kupto:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira dillalin na faɗa masa maganar yashi da tef. Ya ce ba a taɓa tambayarsa haka ba, amma zai yi magana da mai jirgin. Da na matsa masa kan mutum 20, sai ya ce to 15 dai ya fi kwanciyar hankali. Ƙanena kuma yanzu ya karkata ga shawarar Baba ta katako, ni kuwa har yanzu fiba nake so saboda sauri, don ranar kasuwa sawu biyu da sawu huɗu ba ɗaya ba ne. Malam Sulaiman, in na biya maka kuɗin mota da na wahala, za ka raka ni?

Sulaiman_Fiba:
Zan iya, amma da sharaɗi: kai za ka biya ni, ba zan karɓi ko ruwan sha daga hannun dillali ba, kuma ladana ɗaya ne ko ka saya ko ka fasa. Sai dai ni jiki na sani, inji sai ka nemi irin su Bakanike.

Adda_Mai_Banda:
Kafin ku kama hanyar Fatakwal, akwai masu jiragen fiba a Numan da Yola, ruwan daɗi irin namu, kuma ba nisa. Ku je ku zauna da wanda ya shekara yana aiki da irinsa kuma ba sayarwa zai yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya_Tudun_Wada:
Baban Sadiq, maganar sawu huɗu sai an yi lissafi. Gudun da ka gani a bidiyo na jirgi ne da ya ɗago ya hau saman ruwa da mutum biyu. Da mutum 15 da buhuna, doki 40 ba zai ɗaga shi ba, turawa kawai zai riƙa yi, hanci sama, mai na ƙonewa. A wannan lodin bambancinsa da na katako ba zai kai yadda kake zato ba. Ka turo mana faɗin jirgin da tsayin allon baya in dillalin ya auna.

Kawu_Nafada:
Injiniya, a nan ban bi ka duka ba. Ko bai ɗago ba, siririn jiki da santsin fiba suna rage masa jan ruwa, kuma dawowa ba kaya ai zai yi gudunsa. Sai dai in za a samu lodi zuwa da dawowa, to nan maganarka ta fi ƙarfi. Baban Sadiq, yaya kasuwar take, ana dawowa da kaya ko jirgi kan dawo ba lodi?